Sai da Muka Tsallaka Iyaka Muka Jera

Duk wadda ke kwana a hostal ɗin mata ta san irin hirar da ake yi bayan isha'i idan an ɗauke wuta. Wata ta buɗe Instagram ta nuna hoton amarya da angonta a Dubai, ko a Masar gaban dalar Fir'auna, sai ɗaki ya ɗauka: "Wayyo, Allah Ka ba mu irin wannan mijin!" Samari kuwa lissafin kuɗin jirgi suke yi, su ƙare da cewa ai wannan harka ta 'ya'yan manya ce. To ni ma na je ƙasar waje da maigidana, kwana shida muka yi muna yawon buɗe ido, kuma ko ƙofar filin jirgi ban gani ba. Nijar muka je. Na san wasu za su ce, "Yo Nijar ma ƙasar waje ce?" A yi dariyar, amma a daure a karanta.

Ni 'yar Tamawa ce, can tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, kuma a can aka yi mini aure kafin in shigo wannan makaranta. Gidanmu babban gida ne, irin na gandu. Malam, wato maigidana, yana cin abinci a zaure tare da 'yan uwansa maza, ni kuma ina ci da faccalolina a tsakar gida. Cefane shi ke yi. Idan fita ta kama mu tare, ko gaisuwa ko biki, yana gaba ina baya, tsakaninmu kamar taku goma. A gaban Inna, mahaifiyarsa, bai taɓa kiran sunana ba, "ke" ce kawai. Ba ƙorafi nake yi ba fa. Kunya ado ce, a cikinta aka rene ni, kuma da ita gida mai mutum ashirin ke zama lafiya. Amma dai gaskiyar magana ita ce mun shekara uku da aure ba mu taɓa jerawa a kan hanya ba, kuma ba mu taɓa yin hirar awa biyu ba tare da wani ya yi sallama ba.

Shawarar tafiyar daga ni ta fito, a hutun ƙarshen zango, lokacin sanyi bayan an gama girbi. Ina da raguna biyu da na yi kiwo, na sayar da ɗaya. Shi kuma ya fitar da wani abu daga waken da ya noma. Da ya je ya gaya wa Inna, sai ta ajiye carbinta ta dube shi ta ce, "Wa ya rasu a Maraɗin?" Ya ce ba kowa. Ta ce, "To wa za ku gaisar?" Ya ce ba kowa, Inna, gari kawai za mu gani. Ta yi shiru, can ta ce, "Ikon Allah. To Allah Ya kiyaye hanya." Ban ga laifinta ba. A wajenmu mutum na tafiya don fatauci, ko cirani, ko asibiti, ko gaisuwar mutuwa, ko aikin Hajji. A ce namiji ya ɗauki matarsa ya kashe kuɗi don su je kallon katangar wani gari, wannan ba ya cikin lissafi. A majalisarsu har an fara yi masa kirarin mijin-ta-ce. Abin da ya amsa musu shi ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya ya tafi da wadda ta faɗa wa, kuma a cikin wata tafiya har tseren gudu ya yi da Nana A'isha. Daga nan aka sauya zance.

Da sassafe muka bar gida, muka bi ta Kurfi muka shiga Katsina, daga nan muka hau motar Jibiya. Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki, shi ya sa muka tsara cewa ba za mu bari magariba ta same mu a kan titi ba, ko a can ko a nan. Iyakar ma ba ta daɗe da buɗewa ba: an rufe ta a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Mun riƙe takardunmu na tafiya da katin rigakafi. A Magama aka duba, a Ɗan Isa jandarmomi da 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu, suka sake dubawa. Ga shi dai gonakin gero iri ɗaya ne, rumbuna iri ɗaya, yaran da ke tallar gyaɗa ma kamar ƙannena, amma tuta ta sauya, allunan hanya sun koma Faransanci, layin wayata ya ɗauke. Nan na ji a jikina cewa lallai na bar ƙasarmu.

Darasi na farko a Maraɗi kuɗi ne. Jikar sefa ɗaya, wato 1,000, da a shekarun baya ba ta kai naira 500 ba, lokacin da muka je ta haura naira 2,000. Da muka yi canji sai damin da muka zo da shi ya koma 'yan takardu kaɗan. Sannan ga lissafinsu, wanda da dala suke yi. Dala ɗaya sefa 5 ce. Idan mai shayi ya ce maka "dala ashirin", sefa 100 yake nufi. Idan ya ce "ɗari", 500 ke nan. Malam malamin firamare ne, lissafi ma yake koyarwa, amma wallahi wannan abu ya juya masa kai. Ni kuwa kafin la'asar na riƙe shi tsaf. Sai ya zaro jakar kuɗin gaba ɗaya ya miƙo mini ya ce, "Riƙe, ke ce ma'aji." A babbar kasuwar Maraɗi na yi cinikin atamfa da turaren wuta, mai kaya ya ce albarka, na ajiye na juya, ya kira ni, na dawo, har muka daidaita. Malam na gefe ya riƙe haɓa. Da muka fito ya ce, "Ashe shekara uku asara nake yi a kasuwar Dutsin-Ma." A cikin wannan kasuwa ce kuma cunkoso ya raba mu, na ji wani ya ɗaga murya ya kira sunana sau biyu a bainar jama'a. Sai da na waiga na tabbatar shi ne.

Hausar Maraɗi irin ta kakata ce. "Kun zo lahiya? Mi kuka so?" Sai dai sun cuɗa ta da Faransanci kamar yadda muke cuɗa tamu da Ingilishi. Makaranta lakwal ce, malamin boko kuma mushe. Tun daga ranar na koma kiran Malam da Mushe idan muna mu biyu, har yau bai hana ni ba.

Washegari muka je ƙofar fadar sarki. Sarautar da ake kiran sarkin da ita ita ce Sarkin Katsina, kuma akwai dalili. Da mutanen Shehu ƙarƙashin Malam Ummarun Dallaje suka ci Katsina wajen 1807, gidan sarautar da aka tarar ya yi arewa, bayan 'yan shekaru Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi, suka tafi da sarautunsu: Kaura, Galadima, Durɓi, 'Yanɗaka. Ku duba fa, hakimin Dutsin-Ma 'Yanɗakan Katsina ne, na Kurfi kuma Maraɗin Katsina. Wani dattijo da ke zaune a inuwar ƙofar fada ya tambaye mu daga ina, Malam ya ce, "Baba, daga ƙasar Kurfi." Tsohon ya yi dariya ya ce, "Ashe ku ma mutanen Maraɗi ne, gida kuka zo." Shi ne ya nuna mana gangaren da tsohon gari yake, ya ce ambaliyar 1945 ce ta cinye shi, aka dawo da mutane kan tudu, shi ya sa titunan sabon gari suke a miƙe kamar an ja su da zare. Gulbin da ya yi wannan ɓarna kuwa daga ƙasarmu ya taso, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya wuce Maraɗi, ya sake komowa Najeriya ya haɗe da Rima. Malam ya ce ruwa dai bai san da zaman duwan ba.

Da rana muka tafi tafkin Madarunfa, kudu da Maraɗi, wanda mutanen wurin ke cewa akwai kaburburan waliyyai 99 kewaye da shi. Ruwa ne shimfiɗe, ga tsuntsaye, ga masunta da komayensu. Na ce mu shiga kwalekwale. Malam ya ce rana ta yi. Na ce ai da sauran lokaci. Ya ce kuɗin ya yi yawa. Na ce ai ni ce ma'aji. Da muka shiga, tun kafin a bar gaɓa ya damƙe gefen jirgin da hannu biyu, bakinsa na motsi, duk addu'ar da ya sani sai da ya karanto. Mutumin da ya tashi kusa da madatsar ruwan Zobe, wanda nake gani ba abin da ke ba shi tsoro, ashe bai iya ruwa ba, kuma tun yana yaro da abokinsa ya nutse a wani kududdufi bai ƙara yarda ya shiga ba. A cikin jirgin ya ba ni wannan labari. Ko 'yan uwansa ba na jin sun san abin na nan a ransa.

Rana ta uku muka hau babbar bas zuwa Damagaram, wadda Turawa ke kira Zinder, tafiyar kusan kilomita 240 ta Agye da Gazawa da Tasawa da Takeita. Kujera ɗaya muka zauna, kafaɗa da kafaɗa, muna cin kilishi daga takarda ɗaya, ba wanda ya ko kalle mu.

Wanda ya tashi a ƙasar Dutsin-Ma ba baƙon dutse ba ne, amma na Damagaram a cikin gari suke, manya-manya, a dunƙule, gidaje sun raɓu da su. Unguwar Birni ita ce tsohon gari, lunguna ƙanana, gidajen ƙasa masu zanko da zane a fuskar bango, wasu an shafa musu launi. A nan fadar Sarkin Damagaram take, ginin da ya samo asali tun tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye birnin da ganuwa har ya sa aka ƙera masa igwa a garin. Dogarai na nan da jajayen riguna kamar na fadar Katsina. Mun ga sansanin da Faransawa suka gina a kan dutse bayan sun ci garin a 1899, shekara ɗaya bayan an kashe wani hafsansu mai suna Kazamaju a zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga. Damagaram ce hedikwatar Nijar har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai. Ɗaya unguwar kuma ita ce Zango, inda ayarin raƙuma daga Agadas da Sahara ke sauka a da. Duk wannan Malam ya sani a littafi, amma ni ce na lura cewa zanen da ke saman wata ƙofa irin wanda kakata ke yi ne a jikin ƙwarya. Ya tsaya ya duba ya ce, "Wallahi kuwa." Haka muka yi ta yi, shi ya faɗi shekara da sunan sarki, ni in nuna masa abin da idonsa ya tsallake. Na kuma ga mata da hijabinsu har ƙasa suna tuƙa babur zuwa aiki. Na taɓa shi na nuna masa, ya ce, "Na gani, kuma na san inda zancen zai je."

Kar wata ta ɗauka duk dariya aka yi. A rana ta huɗu muka ɓata. Shi yana son mu koma Birni ya ƙara ganin ganuwa, ni kuwa ƙafata ta gaji da tarihi, wajen dukawa nake son zuwa in ga jakunkuna da takalman fata da garin ya yi suna a kansu. Magana ta kai ga ya ce ai dama tun da na shiga makaranta komai sai yadda na ce. Da a gida ne, na san yadda za a yi: ya saɓa riga ya tafi majalisa, ni in shige ɗakin faccalata, bayan kwana biyu a ci gaba da gaisawa kamar ba a yi ba, maganar kuma ta kwanta a ƙasa tana jira. To a masauki ɗaki ɗaya ne, garin baƙo ne, ba majalisa ba faccala, kuɗin ma a hannuna suke. Mun yi zaman kurame har la'asar. Sai ya ce mu fita mu sha iska.

Muka hau wani dutse da ake hango rufin gidajen Birni daga kansa, muka zauna. A nan maganar da muka shekara uku muna kewaye ta ta fito. Ya ce tun ranar da ya kawo ni makaranta ake gaya masa cewa ya saya wa kansa wahala, idan na gama na yi bautar ƙasa na ga birni, Tamawa za ta yi mini kaɗan, shi ma ya yi mini kaɗan. Ya ce yana nuna bai damu ba, amma abin na hana shi barci. Ni kuma na gaya masa nawa tsoron: kada in sha wahalar shekara huɗu da rabi, ranar da na kawo takardar ya ce in sa ta a ƙasan akwati saboda bakin mutane. Ashe kowannenmu yana kwana da tsoron ɗan uwansa. Har aka kira magariba muna nan. Mun tsaya a kan cewa zan yi aiki in Allah Ya kawo, amma zan nema a inda zan iya kwana a gida, ko Kurfi ko Dutsin-Ma, kuma shi da bakinsa zai gaya wa Inna, ba ni ba. Akwai abin da ba mu gama ba, kamar idan aikin bai samu a kusa ba. Amma yanzu mun san yadda ake zama a yi maganar. Washegari da safe muka je wajen dukawa, da yamma muka koma ganuwa.

Da za mu dawo ba mu maimaita hanya ba. Muka bi ta Matamai muka shigo ta Kongolam, muka tsaya Daura muka ga rijiyar Kusugu, sannan Katsina, sannan gida. Inna ta samu cuku da turare da takalmin fata. Ta juya takalmin ta ce, "To, an ga garin?" Muka ce an gani. Daga ƙofar gida Malam ya koma gaba na koma baya, abinci ya koma zaure, sunana ya koma "ke". Ban ji haushi ba, don haka tsarin gidan yake. Abin da ya sauya shi ne yanzu idan zai tafi kasuwa sai ya leƙo mu yi lissafin tare, kuma idan wani abu ya taso yakan ce, "Ki ajiye, za mu hau dutse." Dutsen nan kuwa bayan gida ne kawai, wajen rumbuna, bayan an yi isha'i.

'Yan uwana ɗalibai, da masu aure da masu shiri, ga abin da na ɗauko. Amfanin irin wannan tafiya shi ne ku biyu ku zama baƙi a wuri guda, inda ba wanda ya san ɗan wane ko 'yar wane, dole ku dogara da juna wajen neman hanya, da lissafin kuɗi, da sasanta rigima. Wannan kuwa ana samunsa a Damagaram kamar yadda ake samunsa a Dubai. Wanda Allah Ya hore wa ya je Dubai ɗin, ba laifi. Amma kar a ci bashi, kar a taɓa kuɗin rajista, kar kuma wata ta ɗaga wa mijinta hankali saboda hoton da ba ta san yadda aka yi aka ɗauke shi ba. Daidai ruwa daidai tsaki. Kuma da ma'aurata nake, kar wani saurayi ya ɗauki mujallar nan ya kai wa budurwa ya ce ga hujja.

Wanda zai bi sawunmu ya tambayi direbobin tasha halin hanya kafin ya tashi, ya tabbatar da takardun da ake nema a lokacin, tunda dokar iyaka na sauyawa, balle yanzu da Nijar ta fita daga ECOWAS a watan Janairu na 2025. Ya yi canji kafin ya tsallaka, ya koyi lissafin dala, ya yi tafiyar rana, ya kuma nemi izini kafin ya ɗaga waya ya ɗauki hoto kusa da fada ko wurin sojoji. Ana aikin titin jirgin ƙasa daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Ranar da ya fara aiki, tafiyar za ta yi sauƙi ƙwarai. Na riga na gaya wa Mushe cewa a jirgin farko da mu za a yi, kuma wannan karon da Inna za mu, ta ga garin da idonta. Ya ce shi dai in babu kwalekwale a ciki ya yarda. Allah Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa albarka a auren masu aure, marasa shi kuma Ya ba su nagari.